Waƙar "Hurt": yadda aka gina ta, yadda aka yi mata rimiks, da abin da Johnny Cash ya cire daga cikinta

Tambaya: Ina haɗa kiɗa a wani ƙaramin situdiyo. Na daɗe ina jin "Hurt" a bakin Johnny Cash, sai kwanan nan na gano ashe ta ƙungiyar mawaƙa ta Nine Inch Nails ce, kuma ta asalin cike take da ƙara. Yaya aka tsara ta tun farko, mene ne bambancin rimiks ɗinta da abin da Cash ya yi, kuma in ina son in yi tawa, ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ka raba abu biyu a zuciyarka, don duk sauran bayanin a kansu ya rataya. Akwai waƙar kanta, wato kalmomi da kari da jerin kod-kod ɗin da ke ƙarƙashinsu (kod shi ne sautuka da yawa da ake bugawa tare). Akwai kuma naɗin da aka yi a situdiyo, wato ainihin murya da jita da gangar da suka shiga faifai. Wanda ya sake rera waƙa na farkon kawai ya ɗauka, ya naɗi nasa daga tushe. Mai rimiks kuwa, wato mai sake sarrafa naɗin da aka riga aka yi, cikin na biyun yake sa hannu. Aikinsu daban, matsalolinsu daban, izinin da suke buƙata ma daban.

Trent Reznor, jagoran Nine Inch Nails, shi ya rubuta "Hurt". Ita ce ta goma sha huɗu kuma ta ƙarshe a kundin The Downward Spiral, wanda ya fito ranar 8 ga Maris, 1994. Kundin na salon indostiriyal rok ne, wato rok da ake cuɗa shi da ƙarar injina, bugun na'ura da sautin da aka gurɓata da gangan. An yi mafi yawan aikin a wani gida da ke Cielo Drive a Los Angeles, gidan da aka kashe 'yar fim Sharon Tate a 1969, inda Reznor ya kafa situdiyo ya sa masa suna Le Pig. Hanyarsa a lokacin ita ce ya naɗi jita ya shigar da ita kwamfuta, ya yanka, ya murɗa sautin har ta daina kama da jita. Kundin yana bin labarin mutumin da ke rushe kansa mataki bayan mataki, kuma "Hurt" ita ce maganarsa bayan ya isa ƙasa: cutar da kai, allurar ƙwaya, da nadamar mutanen da ya ɓata wa. Matsayinta a kundin yana da muhimmanci. Mai sauraro ya shafe kusan sa'a guda cikin hayaniya, sai kwatsam ya ji mutum yana raɗa.

Ginin waƙar ba shi da wuya ko kaɗan. Tana kan ki na B maina, wato sautin B ne gidan da waƙar ke komawa. Baiti yana zagaye kod uku, Bm da D da E, ana tsinkar igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ba a kaɗa su tare ba. Amshi yana tafiya a kan Bm, G, D, A. Gudunta wajen bugu 80 ne a minti, wato kowane awo mai bugu huɗu yana cin daƙiƙa uku. Inda sirrin yake shi ne kod na farko a baiti. Je ka fiyano ka danna B da F shaf tare: tazararsu rabin mataki bakwai ne, kunne yana kwanciya da su. Yanzu sauko da yatsanka rabin mataki guda, ka danna B da F. Tazarar ta koma shida, kuma za ka ji sautin ya yi tsami, kamar an yi kuskure. Wannan tazarar ce ake kira tiraiton, kuma Reznor ya dasa ta a jitar baiti, tana dawowa duk lokacin da zagayen ya komo. Ba kuskure ba ne. Ita ce ke gaya wa kunne cewa wani abu ya lalace tun kafin kalmomin su faɗa.

A kan wannan sai ya ɗora abu uku. Muryarsa a baitin farko raɗa ce, kusa da makirufo sosai, har kana jin numfashi. A bayanta akwai wata ƙara mai kama da iska ko rediyon da ya ɓata tasha, kuma jitar kanta tana tsattsagewa. Gangunan da Chris Vrenna ya buga ba sa buɗe ƙarfinsu sai waƙar ta yi nisa. Da ya zo layin ƙarshe, wanda shi kaɗai ne ke ɗauke da ɗan fata, sai jita mai tsananin gurɓata ta fāɗo ta binne muryar, sannan ƙara zalla ta ci gaba fiye da minti guda har faifan ya ƙare. Tsawonta ya kai minti shida da 'yan daƙiƙoƙi. An saka ta cikin waɗanda suka yi takarar lambar yabo ta Grammy ta waƙar rok a 1996, amma Alanis Morissette ce ta ɗauka.

Maganar rimiks kuma, a 1995 aka fitar da Further Down the Spiral, kundin da aka tara masu haɗa sauti suka sake sarrafa waƙoƙin. Coil da J. G. Thirlwell sun wargaza nasu rabon sun sake ginawa. Aphex Twin ma sabon kiɗa ya kawo ɗungurungum. Furodusa Rick Rubin ya yi aiki a kan "Piggy", tare da jitar Dave Navarro, kuma ka riƙe sunan Rubin don zai dawo. Amma "Hurt" ba a miƙa ta ga kowa ba. A bugun Amurka, Reznor da kansa ya yi mata sigar da ake kira Quiet: ya rage ƙarar baya, jitar ta fi tsafta, ya datse wutsiyar hayaniyar, tsawon ya sauko zuwa minti biyar da kaɗan. A bugun Birtaniya kuwa naɗin dandali aka saka a madadinta. A ganina wannan taka-tsantsan daidai ne. Waƙar da ta tsaya a kan murya da labari ba ta jure yanka. Kwatanta ta da "Closer" ta wannan kundin, wadda aka gina a kan bugun ganga mai maimaita kansa, har bugun ƙasanta daga "Nightclubbing" ta Iggy Pop aka tsakuro shi. Irin wannan ana iya kwance ta a sake ɗaurawa ta hanyoyi da yawa, shi ya sa ta sami rimiks rututu, ciki har da na Coil da aka buɗe fim ɗin Se7en da shi a 1995.

Sai Johnny Cash, mawaƙin salon kantiri ɗan Amurka. Rick Rubin ne ya kai masa waƙar lokacin da suke aikin American IV: The Man Comes Around, wanda ya fito a Nuwamba 2002, Cash yana da shekara 70 kuma rashin lafiya ta ci ƙarfinsa. Abin da suka yi ya cancanci a bi shi daki-daki, don darasin sake rerawa duk yana nan. Sun sauke ki da mataki guda, daga B maina zuwa A maina, baiti ya koma Am, C, D, amshi ya koma Am, F, C, G. Sun cire tiraiton ɗin nan gaba ɗaya, kod ɗin ya zama mai tsafta. Sun cire ƙarar baya, sun cire ganguna, sun cire fashewar ƙarshe. Gudun ya ɗan ƙaru zuwa wajen bugu 90, tsawon ya dawo minti uku da daƙiƙa 38. A kalmomi, wurin da Reznor ya ce yana sanye da kambin ƙazanta da kalma mai kaushi, Cash ya rera kambin ƙaya, kamar yadda yake a sigar rediyo ta Nine Inch Nails, kuma a bakin mutum mai riƙo da addinin Kirista irinsa wannan ya ja waƙar zuwa wani wuri daban.

To in an cire duk abin da ke ɗauke da zafin waƙar, me ya rage? Nan ne gwanintar take, don ba cirewa kawai suka yi ba, sun maye gurbi. Abu na farko muryar Cash ce: ta tsufa, tana rawa, numfashinta gajere, kuma ba a gyara ta ba, an sa ta gaba a bushe. Tsattsagewar da Reznor ya nema da na'ura, Cash yana da ita a maƙogwaro. Abu na biyu fiyanon Benmont Tench ne. A amshi yana dukan sauti ɗaya tak, G, ba ya sauka daga kansa duk da kod-kod suna canzawa a ƙarƙashinsa, yana ƙara ƙarfi da kowane awo. Wannan sauti ɗaya mai naci shi ya karɓi aikin ganga, shi ya karɓi aikin tiraiton kuma, don yana gogar wasu kod ɗin yana hana kunne hutawa. A amshi na ƙarshe, in ka sa abin saurare a kunne, za ka ji naɗin kansa yana ɗan fashewa saboda ƙarfi. Sannan maimakon ƙara ta binne layin ƙarshe, komai sai ya janye ya bar shi a fili. Kalmomin kusan ɗaya ne, amma a wurin Reznor matashi ne da ƙwaya ta kama, a wurin Cash dattijo ne ke lissafin rayuwarsa.

Mark Romanek, wanda tun farko shi ya yi wa Nine Inch Nails bidiyon "Closer", shi ya ɗauki na Cash a gidansa da ke Hendersonville a jihar Tennessee da kuma tsohon gidan tarihinsa da aka rufe. Matarsa June Carter Cash ta fito a ciki. Ta rasu a Mayu 2003, shi kuma ya bi ta a Satumba na wannan shekarar. Bidiyon ya ci Grammy a 2004. Reznor ya faɗa a fili cewa da farko jin waƙarsa a bakin wani bai kwanta masa ba, amma da ya ga bidiyon sai ya ji ta daina zama tasa. Wasu ma sun rera ta: David Bowie ya yi ta tare da Reznor a dandali a rangadinsu na 1995, Leona Lewis ta fitar da tata a 2011. Mafi yawan masu rera ta a yau tsarin Cash suke bi.

Yanzu aikinka. In sake rerawa za ka yi, fara da ki, kuma ka zaɓe shi daga sautin da ya fi ƙasa a baiti, ba daga amshi ba. Baitin yana zaune a ƙasan murya, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya kwaikwayi ki na Cash alhali muryarsa ba ta kai can ba, sai kalmomin su koma iska. Riƙe yatsun Am, C, D a jita, ka ɗaura kafo, maɗaurin da ke danne igiyoyi ya ɗaga sauti, a wuyanta kana matsar da shi gaba ɗaya-ɗaya har ka sami inda layin farko ke fita da nauyi. Kafo a gaɓa ta biyu zai kai ka ki na asali. Bayan haka ka yanke shawara guda kafin ka naɗi komai: mene ne zai ɗauki zafin waƙar a taka sigar? Ko tiraiton, ko sauti ɗaya mai naci, ko wani abin da kai ka ƙirƙira. In ka cire na Reznor, ba ka ɗauki na Cash ba, ba ka kawo naka ba, abin da zai rage kod huɗu ne da dubban waƙoƙi ke amfani da su, kuma za ta fito salam kamar miyar da ba gishiri.

Wajen naɗin murya, tsaya kamar santimita 10 zuwa 15 daga makirufo, da matatar iska a tsakani, ka ɗan karkatar da bakinka gefe don kada haruffan "f" da "b" su buge shi. Kusanci yana ƙara kaurin ƙasa, saboda haka ka yanke duk abin da ke ƙasa da hez 80 zuwa 100 (hez shi ne ma'aunin kauri ko siririntar sauti). Raɗa tana tilasta maka ɗaga ƙarfin shigar sauti, kuma hakan yana jawo fanka, janareta da hayaniyar titi cikin naɗin, don haka kashe abin da za ka iya kashewa, ka naɗi baiti da amshi a layuka biyu, kowanne da nasa ma'aunin. Kwamfuresa, mai danne sautin da ya yi ƙarfi, kada ta wuce uku bisa ɗaya, tana danne desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) uku zuwa huɗu a wuraren ƙarfi kawai. Otochun kuma, manhajar daidaita sautin murya, in ka buɗe shi da sauri yadda aka saba, zai share rawar murya da ɗan saukar da take yi a ƙarshen layi, alhali su ne waƙar. In akwai sautin da ya kauce da yawa, gyara shi kaɗai da hannu.

Inda aka fi lalata irin wannan waƙa shi ne matakin ƙarshe na ƙara ƙarfi. Rayuwarta tana cikin tazarar da ke tsakanin baitin farko da amshin ƙarshe. In ka matse ta da limita, mai tare ƙololuwar sauti, don ta kai ƙarar waƙoƙin rawa, baiti zai tashi ya yi daidai da amshi, hawan ya ɓace. Kuma ba riba, don Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙara na LUFS, wanda ya matse tasa za a sauke masa ita ne kawai. Bar sarari kamar desibel shida a babban layi lokacin haɗawa, ka gina hawan da ƙarin kayan kiɗa: jita ɗaya a baiti, ta biyu a amshi, fiyano, sannan ogan.

In kuma kana son ɗanɗanon indostiriyal, kada ka zuba gurɓatawa kai tsaye a kan layin jita ko murya. Kwafi layin, ka gurɓata kwafin sosai, ka yanke masa ƙasa da hez 200 da sama da wajen 6,000, sannan ka ɗago shi a hankali a ƙarƙashin mai tsaftar. Yanke ƙasan yana hana cunkushewa da bes, yanke saman yana hana ƙarar da ke gajiyar da kunne. Ƙarar baya kuwa ka naɗi ta gaske, inji ko iska ko ƙarfe, ka sauke ta da mataki goma sha biyu na rabi-rabi, ka ajiye ta can ƙasa inda sai an kashe ta za a lura da tana nan. Amsa-kuwwa mai bin kiɗa lissafinta sauƙi ne: raba 60,000 da gudun waƙa. A bugu 80, bugu guda miliseken 750 ne, rabinsa 375. Daga ƙarshe ka saurari komai a lasifika ɗaya, don abin da ka baza dama da hagu yana iya cinye juna a wayar hannu.

Rimiks ya fi wannan ƙaya, domin yana buƙatar layukan naɗin asali a rarrabe, murya daban, jita daban. Manhajojin da ke tsame murya daga waƙar da aka gama suna aiki, amma a waƙa irin wannan suna shan wuya, saboda ƙarar baya da raɗa suna zaune a wuri guda, sai muryar ta fito tana ƙyalƙyali kamar daga cikin ruwa, musamman in daga MP3 ka fara. Ja ko matse murya fiye da kashi biyar zuwa takwas cikin ɗari yana fara jin na'ura, don haka ba za ka ja 80 zuwa 120 lafiya ba. In kana son gudu, gina kiɗan a 160, wato ninki biyu, ka bar muryar yadda take. Shawarata ita ce ka koyi hannu a kan abin da Reznor ya saki da kansa don wannan aikin. A 2005 ya ba da layukan "The Hand That Feeds" don a buɗe su a manhajar GarageBand, a 2007 kundin rimiks na Year Zero ya zo da faifan da ke ɗauke da layukan waƙoƙin, a 2008 kuma ya fitar da Ghosts I–IV a ƙarƙashin lasisin Creative Commons da ya yarda a sarrafa amma ba don kasuwanci ba.

Wannan sharaɗin na ƙarshe kada ka raina shi. Wani matashin furodusa ɗan ƙasar Holan, YoungKio, ya tsakuro kiɗan "34 Ghosts IV" ya gina bit a kai, Lil Nas X ya saya a dala 30, ta zama "Old Town Road" da ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019. Sai da aka koma aka nemi izini, aka sa sunan Reznor da Atticus Ross cikin marubutan waƙar. Sun yarda, amma da sun ƙi, da hannunsu ne a sama.

Ga yadda izinin yake. A dokar Amurka, waƙar da aka riga aka fitar kowa na iya sake rera ta a sauti zalla in ya biya kuɗin da doka ta yanka, da sharaɗin bai canza ainihin kari ko yanayin waƙar ba. Kuɗin kowane faifai ko saukarwa ya kasance santi 9.1 daga 2006 zuwa 2022, ya koma santi 12 a 2023, yana kuma ƙaruwa duk shekara. Wannan na waƙar da ba ta wuce minti biyar ba ne. In ta wuce, da minti ake lissafi, kuma guntun minti cikakke ake ɗaukarsa, saboda haka siga mai tsawon ta asali minti bakwai za a caje ka. Kamfanonin da ke ɗora waƙa a dandalin saurare, irin su DistroKid, suna karɓo wannan lasisin a madadinka in ka nuna musu cewa sake rerawa ce. Bidiyo ba ya cikin wannan, yana buƙatar izini daban daga mai haƙƙin rubutun, kuma a YouTube abin da ya fi faruwa shi ne tsarinsu na Content ID ya gane waƙar ya karkatar da kuɗin talla ga masu ita, ko ya toshe ta. Rimiks kuwa ba shi da lasisin dole ko kaɗan: sai kamfanin da ya mallaki naɗin ya yarda, mai haƙƙin rubutun ma ya yarda, kuma kowannensu yana da ikon cewa a'a.

In tunaninka shi ne ka rera ta da Hausa, to ka fita daga sake rerawa ka shiga fassara da sauya aiki, wanda dokar Amurka da dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 duk suka bar shi a hannun mai waƙa, don haka sai da rubutaccen izini kafin ka sake ta. Ta fuskar aiki kuma, layukan baitin gajeru ne, mafi yawansu gaɓa biyar zuwa shida, kuma karin yana sauka a ƙarshen kowanne. Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da hawa da saukar murya a cikin kalma, saboda haka fassarar kalma da kalma za ta sa gajeriyar gaɓa ta fāɗa inda kari ke ja, ma'ana ta karkace. Rubuta adadin gaɓoɓin kowane layi a takarda, ka sa alama a wuraren da kari ke tsayawa, sannan ka nemo kalmomin da dogon wasalinsu ke sauka daidai waɗannan wuraren, ko da hakan zai sa ka faɗi abin ta wata hanyar.